Tambaya da Amsa: Da Gaske Gwamnatin Amurka Ta Rufe, Ko Ƙanena Ne Ya Juya Mana Baya?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ina da ƙane da ke aiki a wani filin jirgin sama a Amurka, yana cikin masu binciken jakunkunan fasinjoji. Shi ke ɗauke da cefanen mahaifiyarmu da kuɗin maganinta na hawan jini. Wata biyu ke nan, Oktoba da Nuwamba, ko kwabo bai turo ba. In na yi magana sai ya ce wai gwamnatinsu ce ta rufe, ba a biyansu albashi, alhali duk lokacin da na kira shi yana wurin aiki. Ni dai abin bai shige ni ba. Ƙasar da ke buga dala ce za ta kasa biyan ma'aikaci? Kuma in an rufe, shi me yake yi a wurin aikin? Har na fara zargin ko matarsa ce ta hure masa kunne. Don Allah Baba a warware mini.
Daga mai karatu a Kurna, Kano

Amsa: Wa alaikumussalam 'yata. Da farko ki cire matar ƙanenki daga wannan magana, ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Yaron nan gaskiya ya gaya miki: an rufe, kuma yana zuwa aiki ba a biyansa. Daga ranar 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamban 2025, kwana 43 cif, gwamnatin tarayyar Amurka ta zauna ba ta da izinin kashe kuɗi a kan yawancin ma'aikatunta. Kafin wannan ba a taɓa yin mai tsawon haka ba a ƙasar.

Kuɗi kam bai ƙare ba. Duk kwanakin nan haraji na shiga baitulmalinsu kamar kullum. Hatsi na nan fal a rumbu, masu riƙe da makullin ne suka tsaya cacar baki a bakin ƙofa. Kundin tsarin mulkin Amurka ya ce ba a fitar da ko sisi daga baitulmali sai majalisa ta yi doka ta ware shi. Shekarar kuɗinsu tana farawa ranar 1 ga Oktoba, kuma kafin ranar ana son majalisun biyu, ta wakilai da ta dattawa, su amince da dokokin kasafi guda 12, shugaban ƙasa ya sa hannu. Da wuya suke yin haka a kan kari. Tun da aka kafa wannan tsari a 1974, sau 4 kawai suka kammala kasafin gaba ɗaya kafin wa'adi, na ƙarshe kuwa a 1996. Abin da suka saba da shi shi ne ƙwarya-ƙwaryan kasafi, a ce a ci gaba da kashewa yadda aka yi bara na wasu makonni kafin a daidaita. Ran da aka kasa yin ko da wannan, ƙarfe 12 na dare na bugawa izini ya faɗi.

Ni da na yi aikin akanta a wata ma'aikatar jiha har na yi ritaya, wannan ƙa'ida ba baƙuwata ba ce. Kana ganin kuɗi kwance a asusu, amma in babu takardar izini ba ka isa ka taɓa ba. Abin da ya bambanta Amurka shi ne tsananin da suka ba ƙa'idar. Suna da wata tsohuwar doka da ta faro tun 1870, aka yi ta ƙara mata ƙarfi daga baya, wadda ta haramta wa kowace ma'aikata ɗaukar alkawarin kuɗin da majalisa ba ta ware ba. Dalilin yin ta mai kyau ne. A da ma'aikatu kan cinye kason shekara cikin 'yan watanni, sannan su zo majalisa su ce ko a ƙara ko aiki ya tsaya. Jami'in da ya karya dokar da gangan yana iya shan tarar dala 5,000 ko ɗaurin shekara 2.

Duk da haka an yi fiye da shekara 100 ba a rufe komai. A shekarun 1970 an sha samun giɓin kasafi, wani har ya haura mako biyu, amma ma'aikata na zuwa ofis, ana aiki, a biya su in majalisa ta farka. Sai a 1980, zamanin shugaba Jimmy Carter, Antoni Janar Benjamin Civiletti ya rubuta cewa ma'anar dokar ita ce in babu kasafi dole aiki ya tsaya. A 1981 ya sake rubutu ya ɗan sassauta, ya ce ban da aikin da ya shafi kare rai da dukiya. A 1990 majalisa ta gyara dokar ta ƙara ƙuntata wannan sassauci. Daga nan aka samo abin da ya hana mahaifiyarku kuɗin magani.

Saboda sassaucin nan ne ake raba ma'aikata gida biyu in an rufe. Kashi ɗaya a ce su tafi hutun dole. Waɗannan ko kyauta suka so yin aikin doka ta hana su, ba a yarda ma su buɗe saƙon ofis a wayar gwamnati ba. Ofishin kasafi na majalisa ya ƙiyasta cewa a rufewar 2025 wajen mutum 750,000 ne za su riƙa zama a gida kowace rana. Kashi na biyu su ne waɗanda aka ce aikinsu na kare rai ne: masu gadin kurkuku, masu tsaron iyaka, masu ba jirage hanya a sama, da masu binciken jaka irin ƙanenki. Su dole su zo, albashi kuwa sai ran da aka buɗe. Za ki ce to ya zauna a gida mana. Ma'aikacin tarayya a Amurka ba shi da damar yajin aiki, laifi ne a doka. Kuma duk wanda ke harkar jiragen sama yana tune da 1981, lokacin da masu ba jirage hanya suka tafi yaji, shugaba Ronald Reagan ya kori sama da 11,000 a rana ɗaya. Shi ya sa duk kiran da kika yi kika same shi a bakin aiki.

Faɗan 2025 a kan inshorar lafiya aka yi shi. 'Yan Republican, jam'iyyar shugaba Trump, su ke da rinjaye a majalisun biyu a lokacin, amma a majalisar dattawa mai kujeru 100 sai da ƙuri'a 60 ake rufe muhawara a kan doka irin wannan, su kuwa 53 gare su. 'Yan Democrat suka ce ba za su ba da cikon ba sai an tsawaita tallafin da ke rage wa miliyoyin mutane kuɗin inshorar lafiya, wanda zai ƙare a ƙarshen Disamba. 'Yan Republican suka ce a buɗe gwamnati tukuna, sannan a zauna. Kowa ya kafe. Kakakin majalisar wakilai, Mike Johnson, ya sallami 'yan majalisarsa gida, sama da mako bakwai ba su zauna ba, albashinsu kuma na shiga. A ƙarshe sanatoci 8 daga ɓangaren Democrat suka ba da kai a kan alkawarin za a kaɗa ƙuri'a kan tallafin a watan Disamba. Alkawarin ƙuri'a fa, tallafin kansa ba su samu ba.

Ba na ɗora wa jam'iyya ɗaya laifi, kowacce ta taɓa yi. A ƙarshen 1995 'yan Republican ƙarƙashin kakakin majalisar wakilai Newt Gingrich suka ja da shugaba Bill Clinton aka yi kwana 21. A 2013, a kan dokar lafiya ta Obama, kwana 16. A ƙarshen 2018 Trump ya ce sai an ba shi dala biliyan 5.7 ya gina katanga a iyakar Meziko, aka yi kwana 35, ya buɗe ba a ba shi ba. In kika duba, wanda ya ja aka rufe da wuya ya tashi da abin da ya nema.

Yanzu ki leƙa gidan ƙanenki. A can duk mako biyu ake biyan albashi, kuma ga ma'aikaci irinsa yana shigowa yake fita: haya ko bashin gida, bashin mota, inshora, kuɗin renon yara, kowanne da ranarsa, kuma mai gidan haya ba ya jin "gwamnati ta rufe". Aƙalla biya biyu cikakku sun wuce shi babu alat. Ga man da zai zuba a mota ya je aikin da ba a biyansa. Masu binciken jaka suna cikin masu ƙaramin albashi a gwamnatin tarayya. A Washington da kewaye an ga ma'aikatan gwamnati sun yi dogon layi suna karɓar abincin sadaka, wasu kuma kan tashi daga aiki su kama tuƙin motar haya ta Uber da dare. A 2019 aka tambayi sakataren kasuwanci na lokacin, Wilbur Ross, wanda hamshaƙin attajiri ne, ya ce shi bai gane abin da zai kai su layin abinci ba tunda suna iya cin bashi a banki. Irin nisan da ke tsakanin masu faɗan da masu shan wahalar ke nan. Ina ma zaton ƙanenki ya ɓoye miki rabin abin da yake ciki don kada Hajiya ta ji hankalinta ya tashi.

Wahalar ba ta tsaya a kan ma'aikata ba. Fansho na tsofaffi da gidan waya sun ci gaba, don kuɗinsu ba ya jiran kasafin shekara-shekara, sojoji kuma an lalubo musu albashi daga wani asusun ma'aikatar tsaro. Amma tallafin abinci da mutum wajen miliyan 42 ke karɓa ya tsaya a farkon Nuwamba, shari'arsa ta kai har Kotun Ƙoli. Gidajen tarihi na Smithsonian da ke Washington sun rufe ƙofa. Alƙaluman aikin yi da 'yan kasuwa ke jira duk wata ba su fito ba. Masu ba jirage hanya suka gaji, wasu suka fara aiko da cewa ba su da lafiya, har hukumar jiragen sama ta ba da umarnin rage tashin jirage a manyan filaye 40 daga ranar 7 ga Nuwamba. Kwana biyu bayan haka sanatoci suka daidaita. A 2019 ma haka aka yi: ranar 25 ga Janairu aka dakatar da jiragen da ke zuwa filin LaGuardia na New York saboda ƙarancin ma'aikata, a ranar aka buɗe gwamnati. Na lura layin abinci ba ya motsa manyan nan yadda jinkirin jirgi ke yi.

Batun ariyas, ki kwantar da hankalinki. Akwai doka tun Janairun 2019 da ta wajabta a biya kowane ma'aikacin tarayya albashinsa na baya da zarar an buɗe, wanda ya yi aiki da wanda ya zauna a gida. A 2025 ofishin kasafi na fadar White House ya so ya yi mata wata fassara, cewa 'yan hutun dole ba lallai a biya su ba, amma dokar da ta buɗe gwamnati ta sake tabbatar da biyan kowa. Zuwa yanzu kuɗin ƙanenki ya shiga ko yana hanya. Waɗanda aka bari a rana su ne ma'aikatan 'yan kwangila, masu shara da masu gadi da masu dafa abinci a gine-ginen gwamnati. Su ranar da ba a yi aiki ba ta tafi ke nan, dokar ba ta san da zamansu ba.

Ariyas kuma ba ya goge komai da komai. Tarar jinkirin haya da ruwan bashin katin banki da ya hau kansa a makonnin nan, gwamnati ba za ta biya masa ba. Shawarata, ki kira shi ki yi masa jaje, kada ki fara da maganar kuɗi. Ku sauran 'yan'uwa ku haɗa hannu ku riƙe maganin Hajiya zuwa ƙarshen Disamba, don maganin hawan jini ba a yi masa fashi. Sannan ku sa ranar 30 ga Janairun 2026 a ranku. Yarjejeniyar Nuwamba ɓangarori kaɗan ta ba kasafin shekara cikakke: noma, harkokin tsofaffin sojoji da gine-ginen soja, sai ita kanta majalisar, da ba ta manta da kanta ba. Sauran kuwa, har da ma'aikatar tsaron cikin gida da ƙanenki ke ƙarƙashinta, zuwa wannan ranar kawai aka ba su. In ya fara turowa, ki riƙa ware wani abu a gefe.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ni malamin firamare ne, na san zafin wata ya ƙare ba albashi. Ina bin labarin Amurka a rediyo, abu biyu ke ɗaure mini kai. Mu da muka kwaikwayi tsarin shugaban ƙasa daga wurinsu, kasafinmu kan kai tsakiyar shekara ba a sa hannu ba, amma ban taɓa jin an ce an rufe gwamnatin Najeriya ba. Me ya sa? Sannan su da duk masanansu, babu wanda ya san maganin wannan abu?
Daga malamin makaranta a Gusau

Amsa: Barka kadai Malam, Allah ya saka wa malamai da alheri. Amsar tambayarka ta farko tana cikin sashe na 82 na kundin tsarin mulkin 1999. Ya ce in shekara ta kama ba a amince da kasafi ba, shugaban ƙasa na iya ci gaba da fitar da kuɗin tafiyar da gwamnati har tsawon wata shida, muddin bai wuce abin da aka ware wa daidai wannan lokaci a bara ba. Sashe na 122 ya ba gwamnoni irin wannan dama. Shi ya sa kasafin 2016 sai 6 ga Mayu Buhari ya sa masa hannu, na 2017 Osinbajo ya sa a 12 ga Yuni, na 2018 ya kai 20 ga Yuni, amma ba a tura kowa hutun dole ba. Mun ɗauki tsarinsu, wannan ramin dai mun toshe shi.

Rashin albashin da ka sani ciwo ne daban. A namu akwai kasafi, akwai izini, kuɗin ne babu, ko an karkatar da shi. Ka tuna 2015, da farashin mai ya faɗi jihohi da yawa suka tara bashin albashi na watanni har sai da gwamnatin tarayya ta kawo ɗauki. Na zauna a ofis a irin waɗannan watanni, an gama bauca, an sa hannu, ana jiran kuɗi su sauka, masinja ya leƙo ya ce "Yallaɓai, da labari?" ka girgiza kai. Don haka ba na yi wa Amurka dariya. Su in an buɗe ana biyan ariyas cikin kwanaki. Tsawon jiran namu, kai ka fi ni sani.

Magani kuwa sananne ne, ba ya bukatar masani. Doka ce mai 'yan layuka: in wa'adi ya cika babu sabon kasafi, na bara ya ci gaba da kansa har a daidaita. Jamus na da shi a sashe na 111 na kundinta. Gwamnatin haɗakarsu ta rushe a Nuwamban 2024, kasafin 2025 sai a Satumba aka amince da shi, babu ma'aikacin da aka ce ya zo aiki ba biya. Beljiyam ta yi kwana 541 tsakanin 2010 da 2011 ba a kafa sabuwar gwamnati ba, a wani ɓangare na lokacin suna auna kasafin bara kashi 12, kowane wata da kasonsa, makarantu da asibitoci na aiki. A cikin Amurkan ma jihohin Wisconsin da Rhode Island suna da irin wannan doka. Gana kuma ta nuna inda ake yin kuskure: kundinta ya ba da damar wata uku, amma sai majalisa ta amince tukuna, kuma a Disamban 2024 majalisar ta cije, sai a farkon Janairu aka amince a ƙurarren lokaci. Kariyar da ke jiran ƙuri'ar masu faɗa a ranar da suke faɗa ba ta da amfani sosai.

A ƙasashe masu firaminista abin da sauƙi ta wata fuskar. Gwamnatin da ta kasa samun kasafi faɗuwa take yi, a koma zaɓe. A Ostireliya a 1975 majalisar dattawa ta hana kuɗi, Gwamna Janar John Kerr, wakilin Sarauniyar Ingila a ƙasar, ya sauke firaminista Gough Whitlam ranar 11 ga Nuwamba, aka yi zaɓe a Disamba. Rikici ne babba, har yau suna gardama a kansa, amma kujerar ɗan siyasa ce ta tafi. A Amurka wa'adin kowa a ƙayyade yake, ko an yi kwana 100 a rufe babu wanda zai sauka.

'Yan majalisar Amurka sun san duk wannan, kuma ƙudurori na nan jibge. Rob Portman, tsohon sanata daga Ohio, ya sha kawo nasa: kasafin bara ya ci gaba, in an yi kwana 120 ba a daidaita ba a rage kashi 1 cikin 100, a ƙara rage wani bayan kowane kwana 90. Mark Warner na Virginia, jihar da ma'aikatan tarayya suka cika, ya ce a ci gaba da biyan kowa ban da majalisa da ofishin shugaban ƙasa. James Lankford ɗan Republican da Maggie Hassan 'yar Democrat suka haɗa nasu: kasafi ya riƙa sabunta kansa duk kwana 14, su kuma 'yan majalisa a tsare su a Washington, ba tafiya da kuɗin gwamnati, ba dogon hutu, ba taɓa wata doka sai ta kasafi. A Oktoban 2023 wannan ya samu ƙuri'a 56 a majalisar dattawa, saura 4 ya cika 60.

Dalili biyu ke hana shi wucewa, ɗaya mai mutunci, ɗaya ba shi da shi. Mai mutuncin shi ne cewa wa'adi ke sa 'yan majalisa aiki. In kasafin bara zai ci gaba da kansa, ɓangaren da na bara ya yi masa daɗi ba zai sake zama a tattauna ba, majalisa kuma ta rasa ikonta mafi girma, na riƙe jakar kuɗi. Tsarin Portman ma ya fi muni ta nan, don masu son a rage kashe kuɗi sai su naɗe hannu, ragin na zuwa da kansa. Hafsoshin sojansu kuma kullum kuka suke cewa a ƙarƙashin ƙwarya-ƙwaryan kasafi ba a fara sabon aiki. Wannan hujja ban raina ta ba, don na ga irinta a namu. Sashe na 82 ya sa ba wanda ke gaggawa. Albashi na tafiya, amma hanya da ajujuwa da rijiyar burtsatse na jira, a sa hannu a Yuni damina ta sauka, ɗan kwangila ba zai zuba kwalta ba sai Oktoba, shekara ta tafi.

Ɗayan dalilin shi ne kowace jam'iyya ta san wata rana ita ce marar rinjaye, kuma ba ta son a raba ta da wannan makami. Ana cikin rufewar 2025 sanata Ron Johnson ya kawo ƙudurin a biya waɗanda ake tilasta wa zuwa aiki. Bai wuce ba. 'Yan Democrat suka ce zai ba shugaban ƙasa damar zaɓen wanda za a biya, nasu ƙudurin na biyan kowa kuma 'yan Republican suka tare. Akwai masu cewa in aka cire zafin, rufewa za ta riƙa daɗewa. Duk wanda ya faɗi haka ya yarda ke nan cewa da gangan ake barin ma'aikaci da yunwa don a matsa wa abokin hamayya.

Ni in da za a tambaye ni, na Lankford da Hassan zan ɗauka. Na auna jinkirin hanya da mai shara da ta rasa albashin mako shida da ba zai dawo ba, na ga jinkirin ya fi sauƙi. Kuma ƙudurin nasu ya bar wa'adi da zafinsa, sai dai ya juya shi kan masu ƙuri'a. Mutane da yawa na cewa a tsayar da albashin 'yan majalisa kawai. Abin na da daɗin faɗa, amma gyara na 27 na kundinsu, na 1992, ya hana a taɓa albashinsu sai bayan zaɓe na gaba. Ko da an iya, albashin dala 174,000 ne a shekara, kuma da yawansu attajirai ne da ba za su ji ba, 'yan ƙalilan marasa ƙarfin cikinsu ne za su fara durƙusawa. Abin da ɗan siyasa ba ya iya jurewa shi ne a hana shi komawa mazaɓa da taron neman kuɗin kamfe.

Ga kuma lissafin akanta. Ofishin kasafi na majalisa ya ce rufewar kwana 35 ta 2018 zuwa 2019 ta rage wa tattalin arziki dala biliyan 11, biliyan 3 daga ciki ba su dawo ba. A ƙarshe gwamnati ta biya dubban ɗaruruwan mutane cikakken albashi na aikin da ita da kanta ta hana su yi. Ko a ma'aikatar jiha, odita ba zai bar wannan ya wuce ba tambaya ba.

Tambaya: Baba, ina da ranar intabiyu ta bizar karatu a Abuja a watan Fabrairu. In aka sake rufewa a ƙarshen Janairu, ranar tawa ta tashi ke nan?
Daga ɗalibi a Zariya

Amsa: A'a ɗana, yawanci ba ta tashi. Sashen biza da kuɗin masu nema yake tafiya, irin dala 185 ɗin da ka biya, ba ya jiran kasafin majalisa. A rufewar 2025 ofisoshin jakadancin Amurka sun sanar cewa za su ci gaba da aikin biza da fasfo gwargwadon hali, shafukansu na sada zumunta ne suka daina sabuntawa sai saƙon gaggawa. Waɗanda abin ya fi taɓawa su ne masu bizar aiki da takardarsu sai ta bi ta ma'aikatar ƙwadago, don wannan sashen yana tsayawa. Tsauraran sharuɗɗan da kake ji, kamar mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya, da aka yi a Yulin 2025, shawarar gwamnatin Trump ce, babu ruwansu da kasafi, kuma buɗewa ko rufewa ba za ta canza su ba. Ka riƙa duba imel ɗinka da shafin da ka yi rajista. In ba su aiko maka da sauyi ba, ka je ranarka da takardunka cikakku.